Sunan da Nake Tsallakewa a Rajista

Daura,
Ranar Laraba, da hantsi.

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a tafiyar da ka sa a gaba, ya sauke ka Kano lafiya ranar Asabar, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kau da kai daga waɗanda ba su ba. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Tsakanin ɗakina da shagonka na ƙofar gida bai fi taku ashirin ba, amma ga ƙanwarka Zainab ta miƙo maka ambulan kamar saƙo daga Legas. Ka yi haƙuri da ni. Shekara talatin na yi ina surutu a gaban aji, amma maganar da nake son yi da kai, da na buɗe baki sai ta maƙale. Biro bai taɓa ba ni kunya ba, shi ya sa na koma gare shi. Kuma kada ka karanta a tsaye cikin sauri yadda kake cin abinci. Nemi wuri ka zauna.

Jiya Maman Ngozi ta shigo gidan nan ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ka san ƙanen mijinta ne zai karɓe ka koyon sayar da kayan babur a Kano, don haka fom ɗin da ka cike a shagon mijin nata, Oga Chinedu, ya bi ta hannunta. Ta shimfiɗa mini shi a kan tabarma, ta ɗora yatsa a layin da aka ce a rubuta sunan ɗan'uwan da za a nema idan wani abu ya faru. Ka rubuta "Babu." Da kyakkyawan rubutun nan naka, wanda ni na kama hannunka na koya maka.

Ta ce, "Malama, me yaron nan ya yi miki?"

Na ce bai yi mini komai ba.

"To ke me kika yi masa?"

Sai ta gyara zama ta ce, "Shekara ashirin ina garin nan, har yau ban gane muku ba. Mu a wurinmu ɗan fari shi ne sunan uwa. Wa ya san sunana a Daura? Maman Ngozi kawai. Ku kuma sai ku haɗiye sunan yaro kamar wanda ya yi sata. Ni na san al'ada ce, tunda na tambaya an gaya mini. Shi fa, kin taɓa gaya masa?"

Ta yi mini wankin babban bargo, sannan da za ta tafi ta ce in sam mata kuka. Na ba ta, don ta ci ladanta. Tun da ta fita nake juya tambayar nan, kuma amsar ita ce ban taɓa ba. Don haka yau zan lissafa maka kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, yadda nake lissafa wa yara nasu da jan biro. Ka ɗauki darasin ka bar mini laifin.

Zan fara daga ranar da ka zo. Shekara takwas muka yi da Malam, Allah ya jiƙansa, ban ko yi ɓatan wata ba. Muka yi ta sintiri a ofishin walwala, aka zo aka duba gida, aka tambayi mai unguwa halinmu, sannan aka ba mu riƙonka daga gidan marayu. Kana da shekara uku. Ka zo da riga biyu da wani murfin kwalba da ka damƙe a hannu, wanda ko wanka ake maka ba ka sakinsa. A mota ka yi barci a cinyata, ka jiƙa mini sabuwar atamfa da yawu. Ban wanke zanen nan ba sai da ya kwana uku.

Washegari mahaifiyata, Inna, ta zo daga ƙauyenmu na wajen Mashi. Ta dube ka, ta dube ni, ta ce, "To, kin sami ɗan fari. Sai ki san yadda za ki riƙe bakinki." Ka san al'adar, amma ba ka san yadda gidanmu ya riƙe ta ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa. Inna ta rasu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari, Kawu Bala, ba, "wancan" take ce masa har ya yi jikoki. Ni kuwa shekara takwas ina kallon ƙawayena a gidan suna, in an yabi ɗansu na fari sai su kau da kai suna danne murmushi. Wallahi ba goyon da suke yi nake kishi ba, wannan kunyar nake kishi. Da Inna ta ba ni ita, sai na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Bayan shekara huɗu Allah ya kawo Zainab. Mata suka cika gida suna cewa, "Yanzu dai kin sami 'yar fari." Na ce musu a'a, wannan ta biyu ce. Ka tuna da kyau: ka taɓa jin na ji nauyin sunan Zainab? Ina ƙwala mata kira har mutanen bayan layi sun haddace shi. Na yi haka ne don gurbin ɗan fari ya riga ya cika tun kafin ta zo. Ni a zatona kana gani, kana gane matsayinka. Ashe abin da kake gani shi ne mace tana kiran 'yar da ta haifa, kai kuma tana ce maka "kai" da "yayan Zainab." Kana ce mini Malama kamar sauran 'yan makaranta, ita tana ce mini Umma, ni kuma na bar abin a haka, har ina jin daɗi wai muna yi wa juna kara.

Ga abin da na koya, ka tafi da shi. Abin da ke cikin ranka, in ba ka faɗa ba, mutum zai cike gurbin da abin da ya fi tsoro. Kuma kai ma ka kwashi wannan hali a wurina, ba ta jini ba, ta zama tare. In abu ya dame ka sai ka yi gum, ka ce "ba komai." A Kano in ogan naka ya ɗaure fuska, kada ka koma gefe kana yanke wa kanka hukunci. Ka bari ya huce, ka same shi cikin ladabi ka ce, "Oga, akwai abin da na yi ne?" Sau da yawa za ka tarar ba kai ba ne, kaya ne suka maƙale a hanya.

Kuskure na biyu a aji uku na yi shi, shekarar da aka sa ka a ajina. Kowace safiya zan buɗe rajista in fara kira. "Ibrahim Lawal." Ya ce na'am. Daga nan sai in ɗaga kai in hango ka a benci na biyu kusa da taga, in sa maka alama, in ce, "Isa Mamman." Yaro arba'in da ɗoriya, kai kaɗai nake tsallakewa. Sauran malamai sun gane, har suna tsokanata a ofis. Yara kuwa ba su gane ba, kai ma ba ka gane ba.

Ka tuna ranar da kuka yi dambe da Isa a bayan aji, ka fasa masa leɓe? Sai daga baya wata yarinya ta gaya mini abin da ya ce maka: wai Malama ma ba ta san sunanka ba, tunda tsinto ka aka yi. A lokacin ban tambayi dalili ba. Uwa ba ta shiga faɗan ɗan fari, don haka kai na yi wa bulala biyar, shi na ce ya je ya wanke baki. Ba ka yi kuka ba. Ni ce na zagaya bayan ofishin hedimasta na yi nawa, na share fuska da mayafi, na dawo na ci gaba da darasin lissafi. Ka ga amfanin kukan da ba wanda ya gani. Na zalunce ka ranar nan, kuma ina neman gafararka.

Tambayar da Isa ya jefe ka da ita ba za ta daina bin ka ba, sai dai ta canza riga. A Kano za a ce maka, "Ɗan gidan wa ne a Daura?" Kada ka sunkuyar da kai, kada kuma ka ƙirƙiri ƙarya, don ƙarya sai an yi ta yi mata faci. Ka ce, "A gidan Malam Sani na taso." Gaskiya ce tsantsa, kuma ta ishi mai tambayar wucewa. Ba kowa ne ya cancanci sauran labarin ba. Amma ranar da ka ga yarinyar da kake so ka aura, ka gaya wa iyayenta komai tun da wuri, da bakinka, kafin wani ya riga ka. Wanda zai ƙi ka don wannan, gara ya ƙi tun ba a yi nisa ba. Kuma ka sani, Malam bai ƙi sa sunansa a bayan naka a makaranta don yana ƙyamarka ba. Addini ne ya hana a canza wa yaro uba. Ya daɗe abin yana ci masa rai, shi ma bai faɗa maka ba. Mu biyu Allah ya haɗa mu da ciwo iri ɗaya.

Na uku shi ne shago. Kana da shekara goma sha huɗu ka dawo daga makaranta ka tarar da katifarka da akwatinka a ɗakin ƙofar gida. Malam ya yi mako uku yana gyaran ɗakin nan. Shi da kansa ya yi shafen siminti, ya sayo ƙofar ƙarfe, ya ce a buɗe taga ta gabas don ka sha iska. Mu a wurinmu kyauta muka yi maka, irin wadda ake yi wa kowane saurayi a garin nan. Amma a makon ne kuma na fara sa hijabi in za ka shigo, aka ce ka riƙa sallama daga zaure kana jira. Dalilin shi ne ka balaga, kuma ban shayar da kai ba. Da ka zo mini kana jariri ina da nono, da ka zama muharramina har abada. Allah bai tsara haka ba. Wannan bayani bai fi na minti biyar ba, amma ba wanda ya zaunar da kai ya yi maka shi. Ka dubi ɗakin ka ce, "Na gode." Na ji muryarka daga tsakar gida, na san akwai abin da ya karye, na ci gaba da tankaɗe.

Tun daga lokacin da kwanonka nake gane halin da kake ciki. In ya dawo a sharce, lafiya lau. In ka bar nama, an ɓata maka rai. In miyar kuɓewa ce ka ci rabi, wannan ba komai, na san ba ka sonta, ina yi ne don Malam. Shekarar da ka yi zazzaɓin taifot, kwana biyu kana kwance ba ka gaya wa kowa ba. Kwanon ne ya dawo yadda na zuba shi har sau uku, na ce wa Malam ya je ya ɓalle ƙofar in ta kama. Da muka kai ka asibiti likita ya yi mana faɗa sosai, kuma yana da gaskiya.

A Kano ba mai karanta kwanonka. In ba ka da lafiya, ka buɗe baki ka faɗa tun ranar farko. Neman taimako ba roƙo ba ne, kuma ba wanda zai ce ka yi masa nauyi don ka ce kanka na ciwo. Na lura kana tafiya a duniya kamar baƙon da ke tsoron ya cika wuri, kullum kana rage cin abinci, kana rage magana. Ka daina. Haka kuma in ka shiga gidan mutane aka sa maka iyaka, ka kiyaye ta, amma kada ka fassara ta da ƙiyayya. Sannan ka koyi girki, don wannan ma laifina ne. Na bar ka a waje ina aiko maka da kwano, yau ga ka ƙato ba abin da ka iya sai shayi da dafa ƙwai. Na rubuta maka yadda ake shinkafa da wake da miyar kuka a bayan takardar nan. Ka jiƙa waken tukuna, kuma ka rage gishiri, na san hannunka.

Na huɗu ya fi sauran nauyi, don shi ba al'ada ba ce ta sa ni, son kai ne. Kana da shekara goma sha biyu ka same ni ina tsince shinkafa ka ce, "Malama, ni daga ina aka kawo ni?" Na ce ka je ka ɗebo ruwa, randa ta yi ƙasa. Randar nan a cike take. Ka ɗauki bokiti ka fita, ba ka sake tambaya ba.

Amsar tana ƙasan adakata tun ranar da ka zo, a cikin wata leda tare da murfin kwalbar nan. Akwai wani kati da wata ma'aikaciyar asibiti ta rubuta. Mahaifiyarka ta zo ne daga wani ƙauye a ƙetaren iyakar Kongolam, tana da ciwo, tana goye da kai. Ta faɗi sunanta, da sunan ƙauyen, da sunan mahaifinka, da naka. Kwana biyu ta yi ta rasu. An yi cigiya ba wanda ya zo. Ba jefar da kai aka yi ba, ba kuma tsinto ka aka yi ba. Mace ce ta kawo ka a bayanta har inda ƙarfinta ya ƙare. Na karanta katin sau ɗaya na ɓoye, don ina tsoron ranar da za ka hau mota ka tsallaka iyaka, ka sami masu kama da kai, ka manta hanyar Daura. Na hana ka abin da yake naka don in riƙe abin da nake so. Katin yana cikin ambulan ɗin nan.

In ranka ya so ka je nema, ka je, da izinina da addu'ata. Amma kada ka tafi kai kaɗai. Ka ɗauki Kawu Bala, ya san mutane a kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, kuma ba ƙauyen da ba shi da wanda ya taɓa saye ko sayar masa da rago. Kada ka ɗora rai da yawa. Wataƙila ka sami dangi su rungume ka, wataƙila ka tarar ba wanda ya tuna. Ko wanne ne, ka riƙa yi mata addu'a. Ni ina yi mata duk Juma'a, don ita ta sha wahalar, ni na ci moriyar.

Sauran takardunka ma suna ciki: ta haihuwa, ta makaranta, da ta shaidar ƙaramar hukuma. Wannan ta ƙarshe ni na je wurin mai unguwa a kanta watan jiya. Na fara masa dogon bayani, ya katse ni ya ce, "Malama, yaron da ya taso a gabanmu, yake share mana masallaci, shi za ki yi mini bayaninsa?" Ya sa hannu nan take. Ka yi kwafin kowacce, ka tafi da kwafin da katinka na ɗan ƙasa, ka bar na ainihin a gida. Kada ka ba kowa ajiyarsu, ko da ogan naka ne.

Kuma ka yi hankali da masu saurin ce maka ɗan'uwa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, neman samarin da suke ganin ba su da kowa. Wani zai zo maka da ƙwaya ya ce tana kawar da tunani. Wani zai ce ka bi su yawon siyasa a ba ka gora. Wani zai ce zai tsallakar da kai ta Kongolam zuwa Agadas har Libiya, ka dawo da mota. Duk za su fara da saya maka abinci da jin labarinka, kuma za su iya kiran sunanka da daɗi fiye da yadda ka taɓa ji. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don ni na bar maka wannan yunwar. Ka duba abin da mutum yake so ka yi, ba yadda yake kiranka ba.

Yanzu na zo kan na ƙarshe, wanda bai fi wata guda ba. Ranar da Hajiya ta ofishin walwala ta zo da fayil ɗinka, ta ce ka cika shekara goma sha takwas, riƙon takarda ya ƙare, hukuma ta sauke hannunta. Muna zaune mu uku a zaure. Ta juya ta ce maka, "To samari, za ka ci gaba da zama a nan ne, ko kana da inda za ka?"

Ba ita ka kalla ba, ni ka kalla. Na ga idonka sarai. Ni kuma na kalli tabarma na ce, "Ai ya girma, Hajiya. Duk abin da ya zaɓa."

Abin da ke bakina a lokacin shi ne, ina za shi, wa ya ce takardarku ce ta riƙe shi? Amma ga baƙuwa a zaune, kuma uwa ba ta nuna zaƙuwa a kan ɗan fari a gaban baƙi. Na haɗiye. Ka ɗan jira, na ji kana jira, sannan ka ce, "Zan tafi Kano koyon sana'a." Hajiya ta rubuta, ta rufe fayil, ta sha ruwa ta tafi. Shekara goma sha biyar na riƙo ta ƙare a zama ɗaya, kuma kalma ɗaya da za ta gyara komai tana bakina ban furta ba.

Shekaranjiya Zainab ta kawo mini saƙonka, wai in ka tafi zan iya sa haya a shagon, zai rage mini wani abu. Sannu da dabara, mai gida. To ka saurara. Shagon nan ba nawa ba ne balle in sa haya. Ka san da Malam ya rasu aka raba gado ba a kira ka ba, kana zaure kana zuba wa mutane shayi. Haka shari'a take, ba ni da ikon canza ta. Amma shari'a ta ba mutum damar yin wasiyya, kuma Malam ya yi. Kwana huɗu kafin ya cika, a gaban Liman da ƙanensa, ya ce shagon ƙofar gida naka ne. An rubuta, an sa hannu, an fitar da shi kafin rabo. Na ce zan gaya maka in ka gama makaranta, da ka gama na ce sai ka natsu, haka na yi ta ɗagawa har ka fara shirin mayar mini da ɗakinka. Ka kulle shi ranar Asabar ka tafi da makullin a aljihunka. In ƙura ta taru, ka zo da Sallah ka share abinka, ni ba zan share maka ba.

Ba ina hana ka tafiya ba ne. Ka tafi, sana'a abu ne mai kyau, kuma mutanen nan na yarda da su. Ka riƙe amana, ka riƙe salla a kan lokaci ko da kasuwa ta cika, ka girmama addininsu yadda suka girmama naka shekara da shekaru. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka tafi a matsayin wanda ba shi da kowa. Wanda ya bar gida yana da inda zai koma daban yake da wanda ya fita kawai, ko a tafiyarsu ana gane su. Hukuma ta rufe fayil ɗinta, wannan aikinta ne. Ni ban karɓe ka don fayil ba.

Fom ɗin yana cikin ambulan. Za ka ga na ja layi a kan "Babu" da jan biro, yadda nake yi wa duk amsar da ba daidai ba. Na rubuta sunana da lambar wayata a sama. A inda aka ce dangantaka, na rubuta "Uwa." Ban mayar wa Maman Ngozi ba, don ba ni da ikon tilasta maka. Kai za ka kai wa Oga Chinedu da hannunka. In ka ga ban cancanta ba, ka soke, ba zan ce ka yi laifi ba. Amma zan ji ciwo ƙwarai, kuma wannan karon na faɗa.

Saura abu ɗaya. Yau da safe ina ba akuya dusa na gwada faɗar sunan nan a fili. Sau biyu ya maƙale, na uku ya fito. Akuyar ta ɗago ta dube ni, na ji kunya kamar Inna ce a tsaye. Allah ya jiƙan Inna, ita ta riƙe al'adarta a inda kowa ya gane ta, ni na riƙe ta a inda ta cutar. Ranar Asabar kafin ka wuce tasha, ka shigo ciki. Kada ka tsaya a zaure ka aiko Zainab. Zan tsaya a ƙofar ɗakina, ko da mutane a gidan, zan kira wanda na tsallake shekara guda cur tsakanin Ibrahim Lawal da Isa Mamman. Muryata za ta iya rawa, kada ka yi mini dariya. In na kira, ka amsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sa albarka a hannunka, ya ba ka haƙurin koyo, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah ya jiƙan wadda ta haife ka, ya jiƙan Malam, ya yafe mini abin da na gaza. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai lafiya, ɗana na fari, Ilyasu.

Wassalam.

Ni ce,
Ummanka.